Ranar da Teku Ya Ja da Baya

Zulaihatu, inuwar gawona cikin rani, zumata farar saƙa, hasken da nake bi in gane hanya!

Kwana tara ke nan ina unguwar Darrasa a nan Alƙahira kamar wanda aka yanka ba a ƙarasa ba. Wace wauta ta sa na kai ki Iskandariyya ba tare da na tambaye ki ba? Ina ta doki in nuna miki teku, ke kuwa kina hango shi kika ƙwalla ƙara, kika zube a titi kina yaƙushin ƙasa har faratanki suka yi jini.

Sai a wasiƙarki na ji komai. Kina shekara bakwai, Babanki yana koyarwa a gaɓar teku a Indonesiya, teku ya ja da baya ya bar kifi yana tsalle a kan yashi. Ku mutanen Katsina, me kuka sani ban da tafki, wanda in ya janye sai a shiga kamu? Kika ruga kina kiran Umma ta zo da kwando. Ta zo. Ruwan ya dawo baƙi ƙirin, ya fi dabino tsawo, yana ruri. Ya fizge ta daga hannunki, ya maka jiragen masunta a kan rufin gidaje, ya tumɓuke ƙauye da makabartarsa, ya rataye gawarwaki a bishiyoyi. Gishiri ya kashe gonakin shinkafa, waɗanda suka tsira suka rasa ko kabarin da za su ziyarta.

Wallahi na tsani tekun nan! Da yana da wuya da na shaƙe shi da hannuna.

Amma ki ce a fasa aurenmu, wai duk wanda ya amsa kiranki halaka yake yi? Haba, ƙanwata! Yarinya ce ta ga kifi ta kira uwarta. Masuntan da aka haifa a bakin ruwan ma sun ruga kwasar kifin. Tekun ya cinye Umma, ya cinye ƙauye, yanzu ni ma za ki miƙa masa?

Kin rubuta cewa shekara ashirin ba ki ƙara ce wa kowa ya zo ba. Gobe bayan la'asar zan tsaya a ƙofar gidanku a unguwar Hayyin Ashir. Ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan tafi ba. Ki leƙo ta taga ki kira ni, ki ga ko zan mutu.

Naki har a tura mini ƙasa,
Badamasi