Ina zuba musu gahawa na ji an hana yayata kujera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai ce in yi haƙuri ya riƙe abinsa, ina da shi buhu-buhu a gida.

A Jidda aka haife mu, a Madain Fahd muke zaune. Ni daga sakandare na tsaya, aikina zuba gahawa a tarukan mata, ƙarƙashin wata Hajiya da ke karɓo mana aiki. Yayata kuwa dakta ce, tana koyarwa a wata jami'a, ɓangaren mata. Shekara da shekaru ita ke riƙe da sashensu a matsayin riƙo, aiki nata, kujera ta wata. Bana shugabar za ta yi ritaya, Yaya ta nema, kowa na cewa halas, magana ta ƙare, tata ce.

To kwanan baya Hajiya ta kai mu wata walima a Aziziyya, ashe manyan jami'ar ne. A aikinmu doka ce, buta a hagu, finjali a dama, ki tsaya kan baƙuwa har sai ta girgiza finjalinta alamar ta ƙoshi, ba ki ji ba, ba ki gani ba. Ina tsaye kan wasu biyu aka ambaci sunan Yaya. Ɗayar ta ce babu wadda ta kai ta iya aiki, ɗayar ta ce gaskiya ne, amma shugaba ita ce fuskar sashe, ita ke tarbar baƙi, takruniyya, wato baƙar fata irinmu, ba ta dace da hoton ba, an riga an zaɓi wata, ganawar da za a yi da masu neman kujerar cika sharaɗi ce kawai. Tana faɗa tana miƙo min finjali, ko kallona ba ta yi ba, alhali ni da Yaya kamar an tsaga kara. Wallahi na ƙara mata, kamar ban ji komai ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Tun ranar muryar matar nan ba ta bar kunnena ba. Ina wanka ina jin ta, ina sallah ina jin ta. Yaya ta ɗinka sabuwar abaya, tana tsayawa gaban madubi tana gwada jawabi, ta juyo ta ce min auta ya kika ji? In ce ya yi, in shige kicin. Mamanmu har sadaka ta raba.

Ga inda abin ya tsaya min. Wata kwaleji a wani gari ta yi wa Yaya tayin shugabanci, suna jiran amsa, ita kuma ta ce za ta ƙi, a nan ta yi wahala, a nan za ta ci moriya. Na gaya wa Hajiya abin da na ji, ta yi min tas, wai idan magana ta fita za a san daga bakin masu gahawa ne, aikinmu ya mutu, kuma cikinmu akwai masu ciyar da marayu. Na kuma san Yaya, ba za ta yi shiru ba, har ofis za ta same su.

Jiya ta kawo min wayarta, ta rubuta wa kwalejin can amsar ƙi, wai in zo mu yi bismillah tare ta tura. Na ce ta bari sai bayan Juma'a ya fi albarka, ta yi dariya ta yarda. Juma'a jibi ce. In faɗa mata, ko in zauna kusa da ita ta tura? Ku amsa min da wuri don Allah.