Kwamfutata Na Cikin Buhun Shinkahwa

Yaya Ummaru,

Na tahi Argungu tun kana minshari. Na gan ka jiya, ka cusa kwamfutata cikin buhun shinkahwa, ka kulle sito, wai don in bi ka gonar albasa. To, ka makara! Manhajar saita rediyon oba-oba na cikin filas ɗina na ajiyar bayanai, wayar jonawa a aljihuna ta kwana, maƙwabciyarmu Ummu Hani kuma ta ara mini tata kwamfutar.

Oba-oban masu gadin fadama ba su jin juna, na ce yau za su ji. In na saɓa, wani za su ba aikin.

Hiddo ta da wuri, wannan buhun Inna za ta aika inji da hantsi. In aka cashe ta, kai kaɗai za ka ci tuwon.

Ƙanenka,
Shafi'u