Katunan da Ka Yanke wa Haƙora

Zuwa ga ɗan'uwana Bello, ɗan Gwaggo Hajo, a duk inda wannan wasiƙa ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan Anka muna lafiya, sai godiyar Allah. Matarka Saratu da yara suna nan ƙalau. Lambarka ta daina shiga, abin da na ji kawai shi ne ka tsallaka iyaka wajen haƙar zinari, shi ya sa na ɗora wasiƙar a shafina na intanet. Na san za ta iso ka, don mutanenmu ba su iya riƙe labari ba.

Maganar gwangwanin biskit ce, Bello. Ka san shi, amma bari in faro daga farko saboda masu leƙen wasiƙar.

Ka tuna kwamfutar makarantar da na fara koyarwa a Gummi? Wadda ake jona wa talabijin, mai launin kunun gyaɗa. Wani dogon hutu, shekara talatin da wani abu ke nan, shugaban makaranta ya yarda na zo da ita gida. Na zaunar da Inna da mahaifiyarka a kan tabarma ɗaya, suna faɗa ina bugawa: sunayen kakanninmu, yadda aka taso daga Gwashi aka zauna Anka, waƙoƙin niƙa, da wanda ya auri wa aka haifi wa. Suna gardama, ina jira su daidaita. Gwaggo ta kan leƙo allon ta ce, “Wagga aba tana jin Hausa kuwa?” Faifai bakwai muka cika, irin baƙaƙen nan masu laushi, masu faɗin tafin hannu. Kai a lokacin aikinka shi ne zuba mai a janareta da cinye mana gyaɗa.

Inna ta rasu, Gwaggo ta rasu. Kwamfutar ma ta mutu a sito, na roƙi gawarta aka ba ni, amma an riga an kwashe kayan cikinta. Fayafayan nan bakwai kuwa babu wata na'ura ta yau da ke karanta su. Dole sai an tayar da waccan ɗin, da ainihin kayanta.

Haka na shiga tara katuna. Irin wannan kwamfuta tana da ramuka a ciki, kowane rami da katin da ake soka masa, kowane kati da aikinsa. Katin ƙarin ƙwaƙwalwa na samo shi wurin wani mai gyaran rediyo a Gusau, yana tokare ƙafar tebur da shi. Na na'urar buga takarda daga wani tsohon sito a Kaduna. Akwai wanda ke sa baƙaƙe su yi ƙanana, layi ya ɗauki magana da yawa, shi kuma kai ka goya ni a babur har Gummi muka karɓo shi, ruwa ya dake mu a hanya, na cusa shi cikin riga ina kare shi kamar jinjiri. Duk hanya kana yi mini tsiya: “Malami guda, ka koma ɗan gwangwan!” Na yi dariya, domin kai ne.

Ban ɓoye maka komai ba. Ni da kaina na nuna maka bakin kowane kati, jerin haƙoran nan masu ruwan zinari da ke shiga rami. Ka ɗaga ɗaya a rana kana juya shi, ka ce katin nan ya je Makka ya sa haƙori. Ka tambaye ni ko zinari ne na gaske, na ce e, amma shafe ne kawai, bai kai kaurin fatar albasa ba. Yau in na tuna yadda na yi maka bayanin nan dalla-dalla, haushin kaina nake ji.

Kati ɗaya ya gagare ni shekara tara: wanda ke haɗa kwamfutar da na'urar karanta faifai. In babu shi, sauran duk ado ne. Na yi cigiya har na gaji, 'yan zaurenmu na intanet na masu irin wannan hauka suka gaji da ni. Sai bara wani dattijo a Ibadan, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya ji labarin fayafayan, ya ciro nasa daga tasa kwamfutar ya ba direba ya kawo. Ranar da ya iso kai na fara kira. Na ce maka saura wayar haɗi ɗaya mai faɗi da ke hanya, in ta zo za mu zauna ni da kai mu karanta abin da tsofaffin nan suka faɗa. Ka ce, “In sha Allahu da ni za a yi.” Na haɗa katunan duka, goma sha ɗaya, a gwangwanin biskit na ɗora a kan kabad.

Sai cika-ciki ya zo. Ni ɗan namiji ne, kai ɗan mace, kai taubashina ne tun kafin mu san hannun dama. Kowace shekara kana zuwa da tsintsiya ka share mini ƙofa sau biyu na ƙarya, ka kira ni marowacin ubangida, ka fizge wani abu ka gudu. Ka ɗauke hulata, ka ɗauke takalmin sallata, wata shekara har akuya ka ja. Kullum bayan kwana biyu sai abin ya dawo, wani lokaci da goro a kai. Bana ka wuce hula, ka wuce rediyo, ka miƙa hannu saman kabad. Gida ya kaure da dariya, mata suna tafi. Ni ma na yi dariya, na bi ka har zaure ina cewa kada dai ka bari ya sha rana. Ka waiwayo ka ɗaga mini gwangwanin sama.

Wannan waiwayen ne ya tsaya mini a rai. Ka riga ka san abin da za ka yi, Bello. Ka zaɓi ranar da ka san ba zan iya riƙe hannunka ba.

Kwana biyu suka wuce, suka zama mako. Na je gidanka aka ce kana Bagega. Na koma aka ce ka yi gaba. Ran nan da hantsi Saratu ta shigo gidana da gwangwanin a ƙarƙashin mayafi, ta ajiye a gabana, ba ta iya kallona ba. Abin da ta ce kawai, “Malam, ka yi haƙuri, bayan ɗaki na ishe shi.” Na buɗe. Katunan suna nan, goma sha ɗaya cif, kowanne an bi bakinsa da almakashin kwano an datse haƙoran. Na Ibadan har ya tsage biyu, da alama ya yi maka gardama.

Na tambayi masu aikin a Bagega, suka ce ka jiƙa su a asid a cikin kwalba. Wanda ya ga abin da ya fito ya nuna mini da farcensa: bai kai ƙwayar gero ba. Da na ji ka samu abin kirki wataƙila da na sami inda zan ajiye fushina. Shekara tara da amanar dattijon Ibadan ka narka, ka samu abin da atishawa za ta ɓatar.

Kuma kai, Bello? Kai da muka ɗauki 'yarka Nana tare muka kai ta makwanci a shekarun da gubar dalma ta kashe yara, ka riƙe hannuna a maƙabarta ka ce ka bar harkar zinari har abada? Ban taɓa tuna maka wannan magana ba ko sau ɗaya. Yau na tuna maka, Allah Ya yafe mini.

Na kai ƙara wurin Kawu Sule, shi kaɗai ya rage a manyanmu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya ce, “Ai tobashinka na. Ba a hushi da tobashi.” Duk wanda na gaya wa haka yake cewa, wasu har da ƙyaƙyatawa, wai a kan tarkace. To ni na yi fushi. Na faɗa a nan kowa ya karanta: na yi fushi, kuma ka ci amanata. Wasa ana mayar da abin da aka ɗauka.

Wayar nan mai faɗi ta iso kwana huɗu bayan Saratu ta kawo gwangwanin. Tana nan a ledarta, ban kwance ba. Dattijon Ibadan ya aiko saƙo sau biyu yana tambaya ko tsofaffin sun yi magana, har yau ban san amsar da zan ba shi ba. 'Yan zaure sun ce za su ci gaba da cigiya, amma sun gaya mini gaskiya: irin waɗannan fayafayan suna lalacewa da kansu, kowace damina tana cin wani abu daga cikinsu. Ni kuma gashin kaina ya yi fari, ban san ko ina da wata shekara tara ba.

Duk da haka kewarka nake yi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. In na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai in ɗaga kai. Babu wanda ke kirana marowaci yanzu, kowa Malam yake cewa, gidan ya yi shiru. Ina tsoron ramukan nan da kake shiga, Bello. Ina tsoron wata rana a aiko mini da labarinka kafin ka dawo in zage ka ido da ido.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Faifai na shida na Gwaggo ne ita kaɗai. Ta bari sai da Inna ta tashi alwala, kai kuma ka tafi sayen mai, ta matso kusa da ni ta ce in buga wata magana saboda kai, in nuna maka in ka zama magidanci. Ta daɗe tana faɗa. Ni a lokacin yatsuna ne ke aiki, hankalina yana kan kada in yi kuskuren baƙi, na dogara cewa na'ura ta riƙe. Na yi ta ƙoƙarin tunawa, wallahi ban riƙe komai ba sai farkonta: “Bello, ɗana.” Na so ya zama kyautar da zan ba ka ranar da allon ya kawo haske.

Jiya na naɗe faifan a takarda na kai wa Saratu, na ce ta sa maka a akwatinka. Naka ne, ba ni da hurumin riƙe shi. Na duba shi da kyau kafin in bayar, babu zinari a jikinsa ko kaɗan, saboda haka na san zai tsira a hannunka.

Allah Ya jiƙan Inna da Gwaggo da Nana, Ya haskaka makwancinsu. Allah Ya tsare ka daga ruftawar rami da sharrin hanya, Ya dawo da kai gida da ƙafafunka. Ni kuma Allah Ya sanyaya mini zuciya, Ya ba ni ikon yafe maka, domin har yanzu ban iya ba.

Wassalam.

Ni ne ɗan kawunka,
Usman, Anka.