Ashirin Nake Ƙirgawa In Saki

Zuwa ga Yaya Corinne,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baban Tobias da yara. Yaya gwiwar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Duluth lafiya lau. Mama ma ta warware, har ta koma yi wa maƙwabta faɗa a kan karensu.

Gasar nan ta iyo da keke da gudu saura mako guda, kuma akwai maganar da na ɓoye miki tun bara. Na ce miki jijiyar ƙafa ce ta riƙe ni a tafki. Ƙarya na yi, Yaya, tsoro ne. Muna shiga ruwa wani ya haure ni a baki, numfashina ya sarƙe, sai na cafke kwalekwalen masu ceto. A zatona duk wanda ya taɓa shi an cire shi ke nan, don haka na haye ciki ina kuka. Sai a bakin ruwa wata alƙaliyar gasa ta ce ai doka ta yarda mutum ya riƙe ya huta, muddin ba a ja shi gaba ba. Ashe ni na cire kaina da kaina. Shekara guda abin yana cina.

Jikina a shirye yake, zuciyar ce nake horarwa. Duk Asabar Wendell, mijin nan nawa mai tausayin tsiya, yakan fito da kwalekwalenmu, ƙawata Odette kuma ta bi ni a ruwa tana haurina da gangan. Wai ta daɗe tana neman wannan dama. In na firgita sai in riƙe, in ƙirga ashirin, in saki. Ranar farko Wendell ya miƙo hannu zai jawo ni ciki, wai leɓena ya canza launi. Na ce ya mayar da hannunsa inda ya ɗauko shi in yana son cin abinci a gidan nan. Jiya sau ɗaya na riƙe, kuma a sha huɗu na saki.

Ban ce ba zan ji tsoro ranar ba. Zan ji, wataƙila ma in riƙe kwalekwalen, amma ba zan hau ba. Ke kika koya mini iyo, shi ya sa ƙaryar ta yi mini nauyi. Ran Lahadi bayan gasar zan kira ki, kuma ko ni ce ta ƙarshe, gaskiya za ki ji.

Ki gaida Baban Tobias, da Tobias, da auta Ingrid. Mama da Wendell suna gaishe ku.

Ƙanwarki,
Marlys