Ban Saci Baƙuwar Bashir Ba

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan jagora da masu kago da ke Deira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dattawan kwamiti. Ni ce Rabi Mai Abaya, shekarata tara ina yi wa mata 'yan kasuwa jagora a Dubai. Sau biyu na zo ofishinka a Al Rigga ana ce min ka fita, alhali takalmanka na bakin ƙofa. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a kuka kira ni ɓarauniya.

Saboda waɗanda ba su san aikinmu ba, bari in yi bayani. Ɗan kasuwa in ya sauka daga gida, ɗayanmu ne zai tarbe shi, ya sama masa masauki, ya zaga da shi shaguna, ya kai kayansa kago, wato wurin masu tura kaya gida a jirgi. Daga ranar ya zama baƙonsa. Dokar ƙungiya ta ce ba mai taɓa baƙon wani, ko hanya ba a nuna masa sai da izinin mai shi, wanda ya karya kuwa ya yi satar baƙo. Da wannan laifi kuka tuhume ni ranar Juma'a. Kuka cire ni daga guruf ɗin ƙungiya na waya, kuka hana masu kago ɗaukar kayan baƙina har sai na tsaya gaban taro na ba Bashir haƙuri, Bashir ƙanin matarka. Ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina. To, yau za a ji.

Na ɗaya. Ranar Talata wajen ƙarfe biyu na rana na sauka daga jirgin ƙasa na jan layi a tashar nan ta ƙarƙashin ƙasa da ke titin bankuna, inda ake canjawa zuwa koren layi. Ka san yadda wurin yake a wannan lokaci, ma'aikata da kwat da laktaye a wuya, kowa na sauri, ba mai kallon wani. A kan benci na hangi dattijuwa da atamfa da mayafi, ta rungume jaka a ƙirji, ta cire takalmi ɗaya don ƙafar ta kumbura. Na yi mata sallama, sai kawai ta riƙe min hannu ta fashe da kuka.

Sunanta Hajiya Ladi, mai sayar da mayafai a Kano, zuwanta na farko ke nan. Da safe Bashir ya kai ta wani sito a Al Quoz tare da Alhazai uku masu lodin kwantena. A hanyar dawowa ya tura ta taragon mata ita kaɗai, ya ce ta sauka a tashar da jirgi ya fara tsayawa bayan ya nutsa ƙasa, ta jira shi. Ta yi yadda ya ce. Shi kuwa ya ja Alhazansa suka bi wata hanyar, ya shafe ta a ransa. Layin wayarta na gida ne, ba ya kira. Sunan masaukinta ma ba ta riƙe ba, abin da ta sani kawai yana kusa da masu kayan ƙamshi. Matakalar nan mai tafiya da kanta tsoro take ba ta. Tun ƙarfe sha ɗaya take zaune, ba ta yi azahar ba, ga ciwon suga, ga ruwa a jakarta ta kasa sha saboda Bashir ya tsorata ta da cewa ana cin tarar mai shan ruwa a jirgi.

Na biyu, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Ba ni ce Bahaushiya ta farko da ta gan ta ba. Ta nan duk muke wucewa kullum. 'Yan ƙungiya uku sun tsaya a kanta kafin ni, sun gaishe ta da Hausa, sun tambaye ta baƙuwar wa ce. Da suka ji sunan Bashir, sai kowa ya ce mata zai zo insha Allah, ya kama gabansa. Ta kwatanta min su, na kuma gane su sarai. Biyu daga cikinsu suna zaune a kwamitin da ya yanke min hukunci, an ce min sun naɗe ƙafa suna gyaɗa kai. Ban san da wane ido suka kalli juna ba.

Na uku. Ga abin da na yi, a gaya min inda satar take. Na kira Bashir sau biyar bai ɗauka ba, wayata na nan ga mai son dubawa. Na fitar da ita ta lif, na sayo mata lemo da burodi, na jira har jikinta ya dawo. Muka koma ƙasa muka hau koren layi zuwa Al Ras, muka yi ta bin lungu har ta gane ƙofar masaukinta. Ban ba ta lambata ba, ban kai ta shago ko ɗaya ba, ban tambaye ta me ta zo saye ba. Bashir bai leƙo ba sai bayan magariba, yana dariya wai ya ɗauka ta bi wasu matan.

Washegari ta ce ko a mafarki ba ta ƙara bin sa. Ta sa aka nemo ni, na ce ta yi haƙuri ta koma wurinsa, ta ƙi, ta ƙarasa sayayyarta da wata abokiyar ɗakinta. Wannan ne hujjar da kuka riƙe, wai na hure mata kunne. Mace mai jikoki, wadda aka yasar awa uku a cikin rami, ba ta buƙatar Rabi ta koya mata fushi.

Na huɗu. Ina nan aka kafa dokar nan, na kuma goyi bayanta, don na ga lokacin da 'yan jagora ke jan rigar baƙo ɗaya a filin jirgi har 'yan sanda su raba. Amma kun rubuta hukuncin wanda ya taɓa baƙo, kun manta da hukuncin wanda ya zubar da shi. Kun mai da mutane kamar buhun kaya, sai an duba sunan da ke jiki kafin a ɗaga. Da Hajiya Ladi ta faɗi a wurin nan, da me za ku gaya wa 'ya'yanta? Cewa an bi doka?

Abin da nake nema ba yawa. A saki kayan baƙina. Mata shida ne, kayan sallarsu na jibge a sito a Al Warsan, jirgi na tashi suna nan, kuma ba su san Bashir ba balle su yi masa laifi. A mayar da ni guruf, a janye kalmar sata a inda aka faɗe ta. A zaunar da Bashir gaban kwamiti kamar kowa, ban da mutum biyun nan. A kuma rubuta a dokar cewa duk wanda ya ga baƙo cikin wahala ya kai shi masauki, a yi maganar mai shi daga baya.

Haƙuri kuwa, kada a ajiye min kujera ranar Juma'a mai zuwa, ba zan bayar ba. In korata za ku yi, ku kore ni, na fi son in koma gida da sunana. Gobe ma in na ga tsohuwa a bencin nan zan ɗaga ta, ko baƙuwarka ce kai kanka.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka tsawon rai har ka ga tsufa. Ranar da ƙafa ta gaza maka a garin da ba ka san kowa ba, Allah ya haɗa ka da wanda bai taɓa jin dokarka ba.

Wassalam, ni ce wadda kuka hukunta ba ku saurara ba,
Rabi Mai Abaya, Deira.