Ƙaramin Yatsan Inna

Zuwa ga yayana Ummaru, a duk garin da takardar nan ta same ka cikin ƙasar da Faransa ke mulki. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalin da na ji an ce ka yi. Bayan haka, ni ce ƙanwarka Hajara, daga Gatawa. Malamin maƙwabtanmu ya ce in kawo ya rubuta mini, na ce a'a, ɗan karatun allon da na yi ya isa in yi maka faɗa da hannuna. Zan ba fataken goro masu zuwa Maraɗi, sun ce sun san rumfar da kake zama.

Abin da ka sani ba zan ja shi da tsawo ba. Ka san shekarar da Nasara suka ce a ɗebi mutane aikin hanya tsakanin Isa da Sabon Birni, gero yana tsaye a gona ba a yanke ba. Kana wurin lokacin da Baba ya roƙi a bar shi ya gama girbi, dogarin nan Jatau ya sauke masa dorina a fuska a tsakiyar kasuwa, ya ɗaure hannuwansa da igiyar doki ya ja shi a ƙasa har bakin gari. Ni na wanke ƙasar da ta shige bayansa. Bai ga an kai geron rumbu ba.

Ka kuma san abin da ka yi. Ka ɗauki taɓaryar Inna ka tsaya a mashigin gulbi da rana tsaka, Jatau ya zo wucewa ka zabgo shi daga kan doki, ka yi ta dukan kwatangwalonsa har ya daina ihu. Ka yar da taɓaryar ka yi arewa. Ban taɓa ganin laifinka ba, har yau.

Abin da ya biyo baya ne ba ka sani ba, don ka tafi da rabin labari ka riƙe shi kamar jakin da ya ƙi tsallake rafi.

La'asar ba ta yi ba aka kawo Jatau gidanmu a kan ƙyaure, ƙafarsa ta dama ta juye tana kallon waje, ta gajarce, cinyar ta kumbura ta yi baƙi. Ina za su kai shi? Daga Kamarawa har Gangara kowa ya san hannu da ƙwauri ko wane maɗori yana ɗorawa, amma ƙugu sai Inna. Babban dogaran ya jefar da taɓaryar a tsakar gida da jini a jikinta, ya ce in Jatau ya mutu maganar ta zama ta rai, Nasaran nan zai rubuta wa Nasaran can a kamo ka a rataye. In ya tashi kuwa, magana ce ta bulala.

Inna ta sa aka ɗaure ƙirjin mutumin da rawani a jikin turke, ta ce in danne masa mara da gwiwata. Ta yi tofi, ta naɗe ƙafar a hammatarta, ta ja. Yaya, na ji ƙashi yana gogar ƙashi a ƙarƙashin gwiwata kamar ana niƙa tsaki. Ya yi fitsari, ya kira uwarsa, ya suma. Ni kuwa daɗi na ji, ba zan ɓoye maka ba. Ta jera karan dawa tun daga hamata har idon sawu ta ɗaure.

Sannan ta yi abin da gidanmu ya gada. Ta kama jan zakaranmu ta karya masa cinya, ta ɗora shi da tsinke da zare, ta kife shi da kwando a ƙofar ɗakin. Ka san maganarta: "Ran da zakara yat taka, ran nan mai karaya ka takawa."

Dogaran nan suka sauka a zaurenmu suna jiran abin da zai faru. Suka ƙone rumbun kawu don ya ƙi faɗin hanyar da ka bi. Suka kwantar da samarin unguwa a dandali suka zane su ɗaya bayan ɗaya, abokinka Labbo har yau ba ya kwanciya rigingine. Kaji kuwa kullum sai sun kama, kamar yadda suka saba a ko wane ƙauye. Da kajin suka ƙare, wani cikinsu ya ɗaga kwandon da hantsi muna rijiya, ya ga zakara ba ya gudu, ya ce gaba ta kai shi. Muka dawo muka tarar da cinyar a wuta da zaren Inna a jiki.

Jatau yana ji ya juya fuska bango. Ya daina cin abinci, ya daina shan ruwa, zazzaɓi ya rufe shi, yana ta cewa an cinye shi, a kira masa malami. Inna ta kawo wani zakara daga maƙwabta, ya ce ba da wannan aka ƙulla shi ba. Muna kallo mutum yana narkewa, kuma wuyanka ne a cikin igiyar.

Sai Inna ta jawo turmi har gaban shimfiɗarsa. Ta ɗora ƙaramin yatsanta na hagu a kan leɓen turmin, ta ɗaga taɓaryar nan taka da hannun dama, ta sauke. Na ji ƙarar. Ko ƙwalla ba ta yi ba, gumi dai ya keto mata. Ta miƙo mini hannun ta ce in ɗora, kuma shi ne ɗorina na farko a duniya. Ta kai yatsan dab da idonsa ta ce: "Duba da kyau, Jatau. Yanzu da ni anka ƙulla ka. Wanga ba mai gasa shi. Tashi ka sha hura."

Ya sha. Kafin damina ta zagayo ya taka da sanda, ya je gaban alƙali da kansa ya ce doki ne ya kayar da shi. Ya ajiye jar rigar dogarai. Yanzu igiya yake tufkawa a kasuwar Isa, yana ɗingishi, kuma ba wanda ke neman ka tun shekarar.

Tun Jatau bai gama warkewa ba saƙonka ya iso a bakin fatake, wai ba ka da uwa a Gatawa tunda ta tayar da wanda ya kashe ubanka. Na yi niyyar in aiko maka amsa mai zafi, Inna ta hana. Ta ce: "Kak ki hwaɗa mai. Bari shi yi hushi da ni yana da rai." Na bi maganarta shekara da shekaru, na ga ba ta ƙara cin nama ranar sallah ba sai ta fara kallon ƙofa.

Yatsan bai miƙe ba, don hannuna sabo ne a lokacin, kuma ba ta bar shi ya huta ba. Tun da ƙarfinta ya ragu ni nake ɗorin. Ƙugu nawa na mayar ban sani ba, na maharba, na masu faɗowa daga giginya, na waɗanda aka dawo da su daga aikin hanya. Har daga hayin Faransa ana kawo mini, ina tambayarsu kai.

Yaya, Inna ta zame a bakin randa bayan girbin nan, ƙugunta ya karye. Na ɗora da duk abin da ta koya mini, na karya kaza na kife. Kazar ta warke, tana can tana tono a bayan ɗaki. Inna ba ta tashi ba. Ita ta koya mini cewa ƙugun tsoho ba ya kamawa, don haka ba ma yaudarar juna. Ta rame ƙwarai. In na juya ta don in shafa mata man kaɗe, sai ta tambaye ni ko fatake sun sauka.

Na karya alkawarin da na yi mata na ba zan faɗa maka ba, zan ɗauki faɗan. Ina kewarka, kuma ina jin haushinka, duka biyun. Ka zo ka riƙe hannun nan nata na hagu ka duba shi da idonka tun yana da ɗumi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sassauta wa Inna, Ya sanyaya zuciyarka, Ya kawo ka lafiya kafin gulbi ya cika. Amin.

Ƙanwarka da ke sauraron sallamarka a zaure,
Hajara maɗoriya, Gatawa.