Ƙaramin Fulin da Ka Sa wa Mota

Zuwa ga Yayana, marigayi Sanusi bakanike,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, na zo maka da labarin akori-kurarka, wadda nake tuƙawa tun rasuwarka.

Ka tuna supacajar da ka sayo Sakkwato, wagga na'ura mai tura iska cikin inji? Ina tsaye garejinka na Wurno ka cire mata babban fuli, faifan nan da bel ke juyawa, ka sa ƙarami. Ka ce: "Ƙarami ya fi saurin juya ta, iska ta ƙaru, mota ta yi ƙarfi. Amma zafi zai ƙaru, bel zai wahala. Kada ka matsa mata sai dole."

Dolen ta zo ranar kasuwar Gandi.

Mun taso bayan la'asar, baya cike da buhunan albasa da mata 'yan kasuwa, Innarmu na zaune gaba kusa da ni. Ba mu kai Rara ba na hango babura sun ɓullo daga cikin dawa. Goyon biyu-biyu, bindigogi a kafaɗa.

Yaya, na taka totur har ƙasa.

Motar ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba, ta zabura da dukan kayan nan kamar ba ta ɗauki komi ba. Sunka biyo mu. Na ji harbi, madubin gefena ya tarwatse. Matan baya na ta salati.

Sai allurar zafi ta fara hawa. Bel na ƙugi, warin roba ya cika mota. In na sassauta su cim mana, in na ci gaba inji ya ƙone. Ban san mi zan yi ba. Idona ɗaya ga hanya, ɗaya ga allura, har ta shiga ja. Inna ta riƙe gwiwata.

Ban sassauta ba.

Da munka hango gidajen Rabah, baburan sunka juya. Bakin gari bel ya tsinke, lagireto na tafasa, motar ta gangara ta mutu. Ba wanda ya rasa ransa, Yaya. Ko ɗaya.

Inna ta sauko da ƙyar. Ta je ta ɗora tafinta bisa bonet, ƙarfen na ƙuna, ta ƙi ɗaukewa. Sunanka take kira, wanda ba ta taɓa faɗi ba kana raye, don kai ne ɗan fari.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya kawo mana ƙarshen wanga tashin hankali.

Ƙanenka mai kewarka,
Bello